Daga Dutsen Pendle Zuwa York: Bin Sawun Masu Ibadar Shiru

Duk wanda ya saba shiga kantin kayan shayi a Kano ko Kaduna ya san gwangwanin Quaker Oats, mai hoton wani Bature da furfura da baƙar malafa yana murmushi. Mutanen da aka ari sunansu da shigarsu aka manna a gwangwanin nan suna nan da ransu, kuma ko kwabo ba su da shi a kamfanin. An ɗauki sunan ne kawai tun 1877 saboda an san su da riƙon gaskiya a ciniki. Ɗariƙar Kirista ce da ta ɓalle daga cocin Ingila shekara sama da 370 da suka wuce. Su Abokai suke kiran junansu, sauran jama'a kuma na ce musu 'yan Kweka (Quaker).

Ni ba ta ƙofar addini na san su ba. Karatun da ya kai ni Ingila na harkar ruwa da muhalli ne, kuma kusan duk gangamin sauyin yanayi da na leƙa a Manchester sai na hango wasu tsofaffi a gefe guda, cikin rigunan ruwa da suka sha jiki, sun yi da'ira sun yi tsit. Matasa na buga ganga suna ihu, su kuwa ko tari babu mai yi. Da na tambaya aka ce ibadarsu ke nan, kuma zanga-zangarsu ke nan. Da aka yi hutu sai na lallaɓi yayana, ɗan wan babana da ya daɗe yana aikin jinya a can, ya ɗauke ni a motarsa mu ga inda abin ya samo asali, can arewa maso yammacin Ingila, yankin da su kansu suke kira ƙasar 1652.

"Kai dai ba ka rabo da kwashe-kwashe," in ji shi. "Jama'a na zuwa kallon Old Trafford, kai kana neman tsofaffin da ba sa magana."

Da sassafe muka kama hanya. Muka tsaya a Nelson, tsohon garin masaƙun auduga da yanzu ya cika da 'yan asalin Pakistan, ga masallatai ga shagunan naman halal, muka yi guzurin gurasa da gasasshiyar kaza. Daga nan ba nisa sai ƙauyen Barley da ke gindin dutsen Pendle. Yawancin baƙin da ke zuwa ƙauyen labarin mayu ne ke kawo su: a 1612 aka yi wa wasu mutanen yankin shari'ar maita, aka rataye goma daga cikinsu, shi ya sa ko'ina ka duba hoton tsohuwa ne a kan tsintsiya, har a allunan nuna hanya.

Tsayin dutsen mita 557 ne. A takarda ba wani abu ba ne, amma matakalar duwatsun da aka jera a gefensa a tsaye take, ga santsi, ga irin yayyafin nan nasu da ba ka jin saukarsa sai dai ka ankara rigarka ta yi nauyi. Tumaki masu shafin fenti a gadon baya suna kallonmu, ko gezau. Yaya ya tsaya ya dafa gwiwa yana haki, ya ce in dai tunani mutumin nan ya zo yi, me ya hana shi yi a ƙasa. A can sama fili ne shimfiɗaɗɗe, baƙar laka mai danshi, da wani farin ginshiƙin siminti na masu awon ƙasa, da iskar da ke neman tuɓe maka hula. Da hazo ya ɗan yaye sai ga gonaki a ƙasa, an yayyanka su da katangun dutse har iya ganinka.

Mutumin da Yaya ke yi wa ƙorafi shi ne George Fox, ɗan wani masaƙi, an haife shi a 1624. Ya taso a zamanin da Ingila ta birkice: yaƙin basasa, an fille kan sarki Charles na Ɗaya a 1649, kowane lungu da mai sabon wa'azi. Ya bar gida yana ɗan shekara 19, ya yi ta bin limaman coci da tambayoyi, babu wanda ya gamsar da shi. A 1652 ya hau wannan dutse, ya ce a nan aka nuna masa wata babbar jama'a da ke jiran a tattaro ta. Wa'azinsa gajere ne: akwai wani haske daga Ubangiji a cikin kowane ɗan Adam, don haka babu buƙatar limami mai albashi a tsakani. Amma abin da ya biyo bayan wannan gajeriyar magana ne ya cika gidajen yari da su. In kowa na da wannan haske, to ba a cire wa alƙali hula, ba a yi wa mai sarauta ranka ya daɗe, mace ma tana iya tashi ta yi wa'azi. Sun ƙi biyan ushirin coci. Sun ƙi rantsuwa a kotu, suka ce mai rantsuwa ya yarda ke nan yana da gaskiya iri biyu, ta kotu da ta kasuwa. Dubbansu aka ɗaure, ɗaruruwa suka mutu a tsare, kafin dokar sassauci ta 1689.

A watan Mayun 2017 jikokin wannan tafiya suka sake hawa dutsen, suka yi zaman ibadarsu a samansa don nuna ƙin wani aiki da ake shirin yi a yamma da nan, kusa da Blackpool. Kamfanin Cuadrilla ne ke son tatso iskar gas ta hanyar ɗura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin tsiya har duwatsun ƙarƙashin ƙasa su tsattsage. Majalisar gundumar Lancashire ta ƙi ba da izini a 2015, gwamnatin Landan ta soke hukuncinta a 2016. Ba zan ce shirun tsofaffi ne ya tsayar da aikin ba. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 2.9 da aka yi a wurin a watan Agustan 2019 ita ta fi yin magana, kuma a Nuwamban shekarar gwamnati ta dakatar da irin wannan haƙa. Sai dai su suna da wata tsohuwar aƙida: in ana aikata ɓarna, ka je ka tsaya a wurin da jikinka, ka zama shaida, ko da ba ka da ƙarfin hanawa. Da ita wani tsohon kwamandan sojan ruwan Amurka da ya shiga ɗariƙar, Albert Bigelow, ya tuƙa ƙaramin jirgin ruwa a 1958 ya nufi tsibiran Marshall inda ake gwajin bam ɗin nukiliya, aka kama shi a Honolulu. Kuma da ita Irving Stowe da matarsa Dorothy, su ma 'yan Kweka, suka taimaka aka tura wani jirgin daga Vancouver ta Kanada zuwa tsibirin Amchitka a 1971. Daga wannan tafiya ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta samo asali.

Muka gangaro gwiwoyi na rawa muka ci gaba arewa zuwa Sedbergh. Hanyar tudun Firbank mota ɗaya kawai take ɗauka, katangar dutse hagu da dama. Muka yi kiciɓis da tarakta, Yaya ya yi ta ja da baya yana salati har muka samu gefen raɓewa. Wurin kansa ba komai sai wani falalen dutse da aka kafa wa allon ƙarfe, da tsohuwar maƙabarta mai 'yan itatuwa inda wani ƙaramin coci ya taɓa tsayawa. A nan, a watan Yunin 1652, Fox ya ƙi shiga cocin, ya hau dutse ya yi wa mutum sama da 1,000 wa'azi na kusan awa uku, ya ce musu ginin cocin da filinsa ba su fi wannan tudun tsarki ba. 'Yan Kwekan yanzu suna son wannan magana ƙwarai, suna fassara ta da cewa ƙasa dukkanta abin girmamawa ce. Ni a ganina Fox da limamai yake faɗa a ranar, ba maganar itatuwa da koguna yake ba. Amma ba laifi, magana in ta yi kyau takan haifi abin da mai ita bai nufa ba.

Ranar Lahadi muka je Brigflatts, 'yar unguwa ce ta tsofaffin masaƙa a bakin kogin Rawthey. Ɗakin taronsu an gina shi a 1675, lokacin da doka ta haramta irin wannan taro. Daga waje gidan manomi za ka ce, farin fenti, ƙaramar ƙofar katako mai nauyi. Yaya ya ce shi kam yana mota. Ni na tambayi dattijon da ke bakin ƙofa ko baƙo Musulmi zai iya zama ya kalla, ya ce ai ƙofar ba ta tambayar kowa addininsa.

Cikin ya tuna min da zauren malami a ƙauye: sanyi, ƙanshin tsohon katako, babu abin da aka ajiye don ado. Babu gicciye, babu hoto, babu mumbari, babu abin kiɗa. Bencina ne suna fuskantar juna, da ɗan tebur a tsakiya mai littattafai biyu da furanni a kofin gilas. Akwai bene na katako a sama, kuma a gindin matakalarsa an yi ɗan shinge mai ƙofa inda makiyaya ke tsare karnukan kiwonsu har a tashi. A farkon ginin ko silin babu, duk shekara sai an cusa gansakuka a tsakanin falalen duwatsun rufin don kada ruwa da ƙanƙara su zubo wa masu ibada.

Mutanen ba su fi ashirin ba, yawancinsu furfura. Babu wanda ya buɗe taro. Kowa ya shigo sai ya zauna, shirun ya yi ta kauri. Ni na kama istigfari a zuciyata ina kallon ƙasa. Da farko komai kana ji: kukan tumaki a waje, ƙugin cikin wani, ƙarar benci in an gyara zama. Wata mata a gabana gwiwar hannun rigar sanyinta an yi mata faci da zare mai wani launi daban, ɗinki mai kyau, ba a ma yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Can wajen rabin awa wani tsoho ya miƙe, ya ce bana tsuntsayen da suka saba yin sheƙa a rumbunsa kaɗan ne suka dawo, kuma ya kasa daina tunanin ko yana da hannu a ciki. Ya zauna. Babu wanda ya amsa masa, babu wanda ya gyaɗa kai. Da awa ta cika wasu dattawa biyu suka yi musabaha, kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu, shi ke nan an tashi.

Wajen shan shayi wani ya tambaye ni ko ni ɗan'uwansu ne daga Kenya. Tambayar da dalilinta: tun da 'yan mishan na Amurka suka kafa sansani a Kaimosi a 1902 ɗariƙar ta yi ƙarfi a yammacin Kenya, har yau babu ƙasar da ta kai ta yawan 'yan Kweka, kuma kusan rabin mabiyan duniya a Afirka suke. Na can suna da fastoci da waƙe-waƙe, ba irin wannan shirun ba. A Birtaniya kuwa, uwar tafiyar, duka-duka ba su kai 20,000 ba. A Kenyar ma aka yi babban taronsu na duniya a 2012, a Jami'ar Kabarak kusa da Nakuru, inda suka fitar da kira kan zaman lafiya da adalci ga muhalli.

Matar nan mai facin riga ce ta zauna kusa da ni. Bakina ya ƙi kiran sa'ar kakata da sunanta gatsau, na yi ta ce mata Mama, tana dariya tana cewa su ba su da laƙabi, ko sarki ne ya shigo sunansa za a kira. Na tambaye ta me ya haɗa shiru da sauyin yanayi. Ta ce in ka zauna awa guda babu abin da zai ɗauke maka hankali, abin da kake gudu shi ke zuwa ya zauna kusa da kai. Ita abin da ya zo mata jirgin sama ne. Ta daina hawa shekaru da dama, alhali ɗanta na Ostareliya da 'ya'yansa, ta waya kawai take ganin girmansu. "Kuma kada ka ɗauka na tabbata daidai nake yi," in ji ta. "Wani lokaci ina ganin taurin kai ne kawai." Wannan maganar ta fi shiga raina fiye da duk takardun da ke jere a teburin bakin ƙofa.

Ita ta ba ni labarin taron shekara na 2011 a Canterbury, inda 'yan Kwekan Birtaniya suka ɗauki alkawarin zama al'umma mai ƙarancin hayaƙin kabon, da kuma 2013, lokacin da suka zama ɗariƙar Kirista ta farko a ƙasar da ta yanke shawarar janye jarinta daga kamfanonin mai da kwal da gas. Yadda suke yanke shawarar ma abin kallo ne, don ba sa ƙuri'a. Ana zama cikin shiru, mai magana ya yi, magatakarda ya rubuta abin da yake ji jama'a ta nufa, ya karanta a fili, a gyara, har sai kowa ya iya zama da shi. In an kasa, a ɗage. Ta ce shawarar yadda za a ɗumama tsohon gini ba tare da mai ko gas ba takan ɗauki wata majami'ar shekaru, ga dokar kare gine-ginen tarihi da ke hana ka sauya ko taga.

Da azahar ta yi suka ba mu ɗaki muka yi salla, har da Yaya da yunwa da ƙanshin shayi suka fito da shi daga mota. A hanya kuwa ya sauke abin da ke cikinsa.

"Ka ga wannan sauƙin rayuwar tasu, ta ƙosassu ce. Inna ta shekara saba'in da fitila ɗaya da zani uku, ba ta taɓa ganin cikin jirgi ba. Wa ya taɓa rubuta labarinta? Tsohuwa mai fansho da gidan kanta ta yi faci a riga, kai kuma ka zo kana mamaki."

"Yaya, Inna ba zaɓa ta yi ba."

"To shi ne. Mai abu ya bari a ce waliyyi, marar abu a ce matsiyaci."

Ban iya ture maganarsa ba, kuma ba na son turewa. Malamanmu ma sun bambanta zuhudu da talauci: gudun duniya sai wanda duniyar ta zo hannunsa. Abin da na ce masa shi ne, ai dama su ya kamata su bari. Hayaƙin da mutum ɗaya ke jawowa a Birtaniya a shekara ya ninka na ɗan Najeriya wajen sau bakwai, ban da wanda kakanninsu suka tara tun zamanin injin tururi. In har akwai wanda ragewa ta wajaba a kansa, to mai fanshon nan ce, ba Inna ba. Abin takaicin dai masu yin hakan ba su taka kara sun karya ba. Ya ce to Allah Ya ƙara musu yawa, ya kunna rediyo.

A Kendal na ga abin da ya fi ƙarfafa hujjar Yaya, kodayake ban faɗa masa ba. Lokacin da muka je, a ɗakin taronsu na garin ake nuna wani gagarumin aikin surfani, allo 77 na zare da allura, wanda mutum wajen 4,000 daga ƙasashe 15 suka ɗinka tsakanin 1981 da 1996, yana ba da tarihin ɗariƙar. Ka matsa kusa sai ka ga zaren ulu an karkaɗa shi ya zama hayaƙi yana fita daga bututun masana'anta. Coalbrookdale ke nan, inda Abraham Darby, ɗan Kweka, ya fara narka ƙarfe da gasasshen kwal a 1709 maimakon gawayin itace. Wani allon jirgin ƙasa ne: Edward Pease na Darlington, shi ma nasu, shi ya tsaya aka shimfiɗa layin dogo na Stockton da Darlington a 1825, kuma babban aikinsa dakon kwal. Ga bankuna, Barclays da Lloyds, duk daga gidajensu suka fito.

Yadda hakan ta faru ba wuyar ganewa. An rufe musu ƙofar jami'o'in Oxford da Cambridge da muƙaman gwamnati, aikin soja kuma su suka ƙi, sai suka faɗa kasuwa da sana'a. Ba sa tsuga farashi a yi ta ciniki, ba sa algus, ba sa kashe riba a kan caca da giya da ado. To kuɗin ina za su? Sai su koma cikin sana'ar. Wato ƙana'ar nan da tsantsenin nan su suka tara jarin da ya hura wutar kwal ɗin da jikokinsu ke zaman shiru a kansa yau. Mutum na iya sa riga marar ado, ya ci abinci kaɗan, masana'antarsa kuma tana turnuƙe gari. Kendal ɗin kanta ta ɗanɗana: a Disamban 2015 guguwar da aka sa wa suna Desmond ta zubar da ruwan da ya kai milimita 341 cikin awa 24 a mashigar Honister, kogin Kent ya yi ambaliya ya shiga gidaje da shaguna wajen 2,000 a garin.

Ko Bournvitar da muke sha da safe tana da reshe a wannan labari. Iyalan Cadbury 'yan Kweka ne, sun shiga sayar da koko ne don ya maye wa ma'aikata gurbin giya, sun gina musu gidaje masu lambu a Bournville. Amma da aka fallasa cewa kokon da suke saye daga tsibirin Sao Tome da ƙwadagon bauta ake noma shi, sai da suka shafe shekaru suna bincike da jan ƙafa kafin su daina saye a 1909, suka karkata zuwa Gold Coast, Ghana ta yau. Kamfanin ya daɗe da fita hannun iyalin.

Swarthmoor, kusa da Ulverston, leƙawa kawai muka yi. Gidan Margaret Fell ne, matar wani alƙali da ta mayar da falonta hedikwatar tafiyar, ta sha ɗauri a kurkukun Lancaster, daga baya ta auri Fox a 1669. Abin da na riƙe game da ita shi ne faɗan da ta yi a ƙarshen rayuwarta, da ta ga mabiya sun mayar da sauƙin tufafi ya zama yunifom, kowa sai toka-toka, ana sa wa juna ido a kan launin riga. Ta ce wannan wauta ce da talaucin fahimta. Tun a lokacin ta hango yadda ƙanƙan da kai ke iya rikiɗewa ya zama wani sabon taƙama.

Yaya ya koma bakin aiki, ni kuma na hau jirgin ƙasa zuwa York saboda mutum ɗaya, John Woolman. Tela ne daga Mount Holly a jihar New Jersey ta Amurka, an haife shi a 1720. Yana saurayi maigidansa ya sa shi ya rubuta takardar cinikin wata baiwa, ya rubuta, abin ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa. Daga baya duk mai son ya rubuta masa wasiyyar da za a gadar da bawa a ciki sai ya ƙi. In ya sauka gidan mai bayi, ko da ɗan ɗariƙarsu ne, sai ya biya kuɗin hidimar da bayin suka yi masa. Kantinsa ya bunƙasa, sai ya tsorata da bunƙasar, ya sallami masu sayayya ya koma ɗinki da kula da gonar tuffa. Ya daina shan sukari. Ya daina sa rinannen tufafi, saboda bayi ke aikin baba da sauran kayan rini, kuma a ganinsa rini ɓoye dauɗa yake yi.

A 1772 ya taho Ingila. Ya ƙi ɗakin alfarma na jirgin ruwa, ya kwana a ƙasa tare da matuƙa cikin jiƙa da wari. Da ya shiga taron shekara a Landan da fararen kayansa marasa rini, manyan attajiran ɗariƙar suka yi masa kallon tababa kafin su sake da shi. Daga nan ya kama hanyar arewa a ƙafa. Ya ƙi hawa keken doki na haya, don ya ji yadda ake korar dawaki har su makance ko su faɗi matattu, da yadda yaran da ke kai wasiƙu ke daskarewa da sanyi a tafiyar dare. Har roƙon mutanensa ya yi kada su aiko masa da wasiƙa ta gidan waya. Ya ratsa ta yankin Kendal ɗin nan da muka baro, ya isa York, agana ta kama shi, ya rasu ranar 7 ga Oktoba, 1772.

Shi ne ya ce mutum ya duba dukiyarsa da kayan ɗakinsa da tufafinsa, ya gani ko irin yaƙi na samun abin tsiro a cikinsu. Kuma a shekarar da ya rasu ya rubuta cewa amfanin ƙasa kyauta ce daga Mahalicci, talauta ƙasar yau don a riƙe girman duniya zalunci ne ga masu zuwa a baya. Mutumin da bai taɓa jin labarin ɗumamar duniya ba ke nan. A wurinsa na ga zaren da ya haɗa komai. Ba son tsuntsaye da furanni ne ya kai 'yan Kweka ga maganar muhalli ba. Wata tsohuwar ɗabi'a ce ta ɗaga abin da ke hannunka ka tambaya: daga ina ya fito, wa ya wahala kafin ya iso ni? Jiya sukari da rini, yau man fetur da tikitin jirgi. Bambancinsa da su Darby kuwa, shi bai tsayar da tambayar a kan rigarsa ba. Ya kai ta kantinsa, ya kuma yi shekaru yana bin 'yan'uwansa gida-gida da ita, har taron shekara na Philadelphia ya haramta wa mabiya mallakar bayi a 1776, shekara huɗu bayan rasuwarsa.

Kabarin yana tsohuwar maƙabartarsu ta Bishophill, cikin ganuwar birnin, wadda yanzu ta zama lambun wasu gidajen zama. Sai da na yi ta zagaye kafin wani mai yawo da kare ya nuna min. Duwatsun kaburburan ƙanana ne, kusan duk girmansu ɗaya, an jingina su da katanga, suna da shekaru kawai, babu kirari. A nan kuma William Tuke yake, wanda ya kafa asibitin masu taɓin hankali na Retreat a 1796, inda aka daina ɗaure marasa lafiya da sarƙa. Masu yawon buɗe ido na can sun yi dafifi a babban cocin York da titin Shambles, nan kuwa wata ce kawai ke shanya a bayan gida.

Ina tashar jirgi Yaya ya kira.

"Ka ga telan naka?"

"Na gan shi, Yaya."

"Nawa ka biya tikiti?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce da kuɗin nan da ya kai ni a mota ya dawo da ni, har da canjin tsire. Gaskiyarsa kuwa, don a Ingila sau da yawa jirgin ƙasa ya fi mota tsada, wani lokaci har ya fi jirgin sama. Matar Brigflatts ma ta yi wannan ƙorafin, ta ce shi ya sa yanzu rabin lokacinta a rubuta wa ɗan majalisarsu wasiƙa yake tafiya, a kan kuɗin jirgin ƙasa da motar bas ɗin ƙauyensu da aka rage wa zirga-zirga.